Ƙwan Zabin Gwaggo da Layukan da Na Goge

Shekaru sun shafe mini abubuwa da yawa, amma ranar da na yi wa gwaggona ƙazafi a gaban maƙwabtanta, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ba.

Lokacin na dawo Daura daga bautar ƙasa da digirin kwamfuta, ba aikin yi sai ɗan shagon gyaran waya. A nan na ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai da tsohon firij, da ƙwayayen fitila masu ɗumama ciki, da wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai lura da zafi, wadda ni na rubuta mata manhaja. Gwaggo, yayar mahaifina, tana kiwon zabi tun kafin a haife ni, kuma ita ta fara yarda da ni. Da damina ta faɗi ta tara ƙwanta, ta aika garin Babban Mutum aka ƙaro mata, ta kuma shawo kan matan unguwa suka kawo nasu. "Ɗana ne ya yi shi," take ce musu. "In ya lalace ni za ku kama."

Duk mai rubuta manhaja ya san wurin da ake kira main, inda umarninsa yake farawa. Sai dai ba daga nan na'ura take soma aiki ba. Da zarar wuta ta shige ta, akwai wasu 'yan layuka da suke riga kowa tashi: su tanadi wurin ajiyar wucin gadi, su ba kowane adadi ƙimar da zai fara da ita, su share sauran ma'ajiyar ta koma sifili, sannan su miƙa wa main ragama. Kamar wanke tukunya ne kafin a ɗora girki. Ni kuwa wuri a cikin ƙwaƙwalwar ya yi mini kaɗan, kuma duk sanda na kunna sai in tarar da ma'ajiyar a sifili, sai na goge layukan sharar. Har daɗi na ji, wai na yi dabara.

Na kai injin gidan Gwaggo, muka zuba ƙwan. Ana cikin sati na biyu ta aika in zo. Na same ta tsugune gaban injin, ta ɗora ƙwai a fatar idonta.

"Ɗan nan, zafin nan ya yi yawa. Cikin kaza bai kai haka ba."

Na kalli allon injin, na ga yana nuna daidai. Ko taɓa ƙwan ban yi ba. Na ce, "Gwaggo, inji ba ya ƙarya. Ke dai ki daina buɗewa."

Sati huɗu suka cika, muka ƙara kwana uku, ko tsako ɗaya bai fito ba. Da hantsi matan suka taru a tsakar gida ana fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, duk sun mutu a ciki, wari ya cika gidan. Wata dattijuwa ta juyo ta ce, "Malam, me ya faru?" Kunya ta rufe ni, bakina ya riga hankalina. Na ce ai na hana Gwaggo buɗewa ba ta ji ba, ita ta ɓata su. Gwaggo ta dube ni. Ta ɗauki tsintsiya ta fara tattara ɓawon.

Bayan wata guda ina gwada injin a shago, sai wuta ta ɗan ƙifta ta dawo. Allo bai canja ba, amma da na sa hannu ciki sai na ji kamar tanda. Na bi diddigi na gano komai. In an daɗe a kashe, ma'ajiyar takan tashi wayam. In kuwa ƙiftawa wutar ta yi, tarkace yakan rage a ciki, ga shi na kori mai shara. Tarkacen ya faɗa kan adadin da ke daidaita ma'aunin zafi, injin ya riƙa gasa ƙwai yana nuna lafiya lau. Kafin main ta karanta layin farko da na rubuta, an riga an yi ɓarnar.

Sai da na yi kwana biyu kafin na iya zuwa. Na same ta a ɗaka ita kaɗai, na durƙusa na faɗa mata.

"Ai na sani," ta ce. "Na yafe maka, ɗan nan, duniya da lahira. Sai dai a tsakar gida ka faɗa, yanzu kuma a ɗaka kake janyewa."

Na yi alkawarin zan tara matan in wanke ta. Amma sai na ce bari in gyara injin tukuna, in zo da tsaki a hannu, maganar ta fi daɗin faɗa. Damina ta wuce, zabi suka daina ƙwai, na ce sai baɗi. Kafin baɗin Gwaggo ta kwanta ciwon kwana biyar, Allah ya karɓi abarsa. Ranar sadakar uku na tsaya a bakin ƙofa na faɗa wa matan gaskiya. Suka ce Allah ya jiƙanta. Wadda ya kamata ta ji ba ta nan.

Yau ina koyar da rubuta manhaja, kuma ba na barin ɗalibi ya goge layin da bai san amfaninsa ba. Amma babban abin da na koya ba na kwamfuta ba ne. In ka zalunci mutum a bainar jama'a, ka wanke shi a bainar jama'a, kuma ka yi tun yana da kunnen ji.