Injiniyan Ruwa da Lambun Surukinsa

Hassoumi ɗan Tasawa ne, kuma tun yana lakwal, wato makarantar boko, bakinsa ba ya mutuwa. Karatu ya kawo shi Lyon, ya zauna a Bron da ke gefenta, ya fito injiniyan ruwa. Aikinsa a biro, wato ofis, shi ne hasashen yadda kogin Rhône zai kasance nan gaba, yanzu da zafi ke ƙaruwa, ƙanƙarar duwatsu na narkewa. Zo ka gan shi gaban manoman nasara da magadan gari! Tebur yake bugawa yana ce musu kada su kuskura su gina rayuwarsu kan ruwan da ba wanda ya san yawansa gobe. Ya dawo gida ya cika wa matarsa Rakiya kunne da yadda ya gasa musu magana.

Mahaifin Rakiyar, Alhaji Munzali, yana da kantin sarin atamfa da takalma a Aubervilliers. Duk abin da ya mallaka a duniya ke nan. Tsufa ya zo, sanyin Paris ya shige masa gwiwa, sai ya ƙudura sayar da kantin ya sayi fadama a bakin gulbin ƙauyensu, wajen Maradi, ya dasa mangwaro. Amma ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji ta bakin surukinsa.

Hassoumi ya bincika kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Lissafin ordinater, wato kwamfuta, ya rabu biyu. Wani ya nuna gulbin zai riƙa ƙafewa da wuri, rijiyoyi su yi nisa; wani ya nuna ambaliya za ta riƙa cin gaɓar. Wanda zai faru, Allah masani, amma ko wanne ne, bai kai a sayar da kanti dominsa ba. A jirgin ƙasa zuwa Paris ya yi ta bitar jawabinsa yana nuna tagar da yatsa, har Rakiya ta ce ya isa.

Kai, jawabi! Tun daga bakin ƙofar gidan Alhaji ya tuɓe takalma, ya durƙusa nesa da kujera, ya kafe ido a darduma. Rakiya ta gaisa ta shige ciki wajen mahaifiyarta. Alhaji na zaune da abokan kasuwarsa, yana ba su labarin gulbin, inda ya koyi iyo, inda mahaifinsa ya yi noman rani. Sannan ya juyo.

“To, Malam Hassoumi, me bincikenku ya ce?”

A gidansu Hassoumi, suruki ko sunan surukinsa ba ya kamawa, balle ya musa masa a gaban mutane. Mai buga teburin nan ya gyara durƙuso, ya ce, “Allah ya sa alheri, Baba.”

“Amin! Kun ji ko?” in ji Alhaji.

A hanyar komawa Rakiya ta tambaye shi yadda suka yi. Ya ce mata sun fahimci juna. Wallahi haka ya ce, ko kunyar da ya ji a Paris bai ji ba a nan.

Ba ta gano ba sai ran da Alhaji ya turo hoton dashen farko daga ƙauye, ya riga ya miƙa makullin kanti. Ta tsare mijin, ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗi abin da ya ce. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ɗauki tarho ta kira mahaifinta, ta taƙaita gaisuwa, ta zayyana masa komai, ƙafewar da ambaliyar, tana roƙonsa ya dakata da sauran dashen. Hassoumi na gefe yana jin muryar tsohon, cike da dariya.

“Haba Rakiya! Ke kin fi mijinki sanin ruwa ne? Ai da bakinsa ya sa mini albarka.”