Gurbin Ƙarshe a Jadawalin Baba Ishaya

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kakanmu Baba Ishaya a unguwar Nasarawa ya san kalanda ba ta kallon mutane a gidan nan, bango take kallo. Baba kan juya ta, ya ɗauko rula da jan biro, ya ja layuka a bayanta, ya cika su da babi da aya da sunan wanda zai karanta. In ka tambaye shi yau nawa ga wata, sai ya ce, "Wanga kam ban sani ba, amma muna Firistoci sha tara."

Ta ƙarshen tana nan rataye, kun gan ta. Saura gurbi guda ba a sa masa jan biro ba, babin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki, da sunana a gefe. Kawu Yohanna ya ce yau da Baba ya cika shekara da rasuwa in karanta shi, a sa alama, a sauke kalandar. To, kafin nan ku bar ni in tuna mana yadda aka fara.

Shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba aka tattaro mu jikoki biyar aka kawo mu gidan nan. Baba tsohon malamin firamare ne, ai sai ya ji kamar an maida shi bakin aiki. Washegari ya buɗe makaranta a ƙarƙashin darbejiya, Littafi Mai Tsarki kaɗai ne littafin kowane darasi. Karatu daga ciki, lissafi daga ciki, har aikin gona daga ciki. Babi uku kullum, biyar ranar Lahadi, shekara guda a gama. Kawu ya sayo masa sabon littafin rubutu mai kauri, Baba ya juya shi, ya shinshina, ya miƙa masa abinsa.

"Gwamnati na buga takarda kyauta kowace shekara, baya fari tas, kai kana ɓarnar kuɗi!"

Daga nan babu ofishin da bai bi ba a Birnin Kebbi yana roƙon tsohuwar kalanda. Biron kuwa in ya ƙafe sai ya shanya shi a rana kamar kuɓewa. Kome ka kawo masa, amsa guda ce: "Bai cikin jadawali." Baƙo ya zo lokacin karatu, bai cikin jadawali. Inna, kakarmu, ta ce tuwo na hucewa, bai cikin jadawali.

Amma fa Baba ba ya bin Littafin a jere kamar kowa. Da shekara yake tafiya. Labarin kala a gona sai lokacin yankan shinkafa, labarin fari sai bazara, wai don yaro ya ji a jikinsa. Haka ya sa ruwan tufana a tsakiyar damina. Muna cikinsa kwana na uku, gulbi ya cika ya haura fadamar Ambursa. Sai ga maƙwabcinmu Alhaji Mamman, amininsa na shekaru, wando a naɗe, laka har gwiwa.

"Malam Ishaya, mi kuka karantawa satin ga?"

"Annabi Nuhu."

"Na sani! Wallahi na sani! Shinkafata duk ta nutse. Baɗi in za ka kai wurin, ka aiko yaro in yi shiri."

"To mi kake so in karanta?"

"Babu wurin da aka yi shekara bakwai ana ƙoshi? Ka tsaya nan, kada ka wuce!"

Baba ya ce bai cikin jadawali. Amma da na duba da yamma, na ga ya matso da labarin ƙoshin kusa da mako biyu.

Ranar masunta kuma cewa ya yi ba a karanta kifi a kan tudu. Ya zuba mu a mota sai Argungu, ya jera mu bakin ruwa, kowa ya karanta rabonsa. Ga wani Bakabe a kan gora yana ta jefa homa bai samu kome ba. Baba ya kasa haƙuri, ya ɗaga murya.

"Malam! Gwada hannun dama!"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "Tsoho, ka taɓa su?"

"Ban taɓa ba, amma na karanta."

Don girman furfura ya jefa dama. Ya jawo, sai silifa ƙafa guda. Mu dai muka cije baki. Baba ya sayi soyayyen kifi guda ɗaya tak, ya ce ga darasin lissafi, a raba shi gida bakwai. Inna ta karɓi nata, ta ɗaga shi a rana tana hangen gulbi ta cikinsa.

"Ishaya, wanda ya ciyar da dubbai da kifi biyu har saura aka kwashe. Kai ko ƙaya ba ka bari ba."

Da aka buɗe makarantu, Baba ya sa iyayenmu alkawari: kowace Asabar za a kawo mu har sai an gama Littafin. Suka yarda, ai saura kaɗan. Shekara guda ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Ni ce mai sa alama a gurbi, don ya ce rubutuna ne kaɗai ba ya fita layi, don haka ni na fara lura. Zabura mun yi ta sau uku. Duk sanda muka kusa ƙarshe, sai a wayi gari ya zana sabuwar kalanda, wai wani jika bai furta sunayen zuriya daidai ba, a koma baya.

Na yi mako biyu ina tara ƙarfin hali. Wata Asabar bayan sauran sun fita wasa, na jera masa tsofaffin kalandun a tabarma.

"Baba, lissafin bai fita ba. Da mun gama tun bara waccan."

Ya cire tabarau. "Shiru," haka yake kirana, "wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"To ki ci gaba da sunanki." Ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga. "In mun gama, wa zai kawo min ku ranar Asabar?"

Ban gaya wa kowa ba sai yau. Na ma taya shi. Kawu, ka yi haƙuri, Zabura ta huɗu ni na zana ta.

Da ciwo ya kama shi, likita ya ce sai an kwantar da shi, kun san amsar da ya bayar. A gadon asibiti ya sa aka kawo masa rula, ya zana wannan ta ƙarshe. Wannan karon bai koma baya ba. Kowa ya karanta nasa a bakin gado har ya rage gurbi guda, sai ya rufe biro ya ce a bar na Shiru sai Asabar. Bai kai Asabar ba.

Tun ranar ba mu sake haɗuwa mu biyar a gidan nan ba sai yau. Inna ta ce har yanzu in Asabar ta yi takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya, ta naɗe ta da azahar.

Saboda haka, Kawu, zan karanta babin, amma kalanda ba za ta sauka ita kaɗai ba. Jiya na je wurin Alhaji Mamman ya ba ni tsohuwar tasa. Na juya ta, na ja layuka, Littafin Farawa babi na ɗaya, Asabar mai zuwa, gidan Inna, sunan kowa na ciki har naka. Alhaji ya roƙi abu guda, na kuwa yi masa: Nuhu sai bayan an yanke shinkafa.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Ishaya hutu a wurinka. Ka riƙe mana Inna, ka tara mu a tabarmarta kowace Asabar, har ranar da za ka sake haɗa mu da shi. Amin.