Kindirmon da Ya Haye Teku a Hankici

A gidan tarihin garinmu, nan arewacin Minnesota, komai a mace yake bayan gilashi: akwatunan katakon da kakanninmu suka taso da su daga Sweden, takalman icce, tsofaffin mazarai na kaɗin zare. Abu ɗaya ne mai rai, shi kuma yana kicin, cikin akushin Goggo Hildur Fagerlund.

Långfil ne, kindirmon nan namu mai yauƙi, wanda in ka ɗaga cokali zai biyo ka har ka miƙe tsaye. Kakar Hildur ce ta tsoma hankicinta a cikinsa ranar da za ta bar ƙauyensu, ta shanya ya bushe, ta haye teku da shi a ƙirji. Da ta sauka ta jiƙa shi a madara, ya farfaɗo. Tun daga nan irin bai yanke ba, kullum a rage cokali guda a zuba sabuwar madara.

Da akushin nan Hildur ta tashi, da shi ta yi aure. Ta dafa wa 'yan makaranta abinci har ta yi ritaya, sannan ta kwaso shi ta tare a kicin ɗin gidan tarihi. Mace ce mai sakin hannu, kofi da biskit ko ka ƙoshi sai ta ɗura maka. Amma ka roƙi iri, nan za ka ga ɗaure fuska.

"Sha a nan, lashe cokalinki a nan," haka take ce wa mata. "Ku da ko fulawa ba ku iya rayawa?"

Ni kindirmon bai taɓa burge ni ba, rowar ce take ba ni haushi.

Bara, dab da bikin tsakiyar bazara, aka kwantar da ita a asibiti don aikin ƙugu. Ta bar wa mijinta Elof amanar akushi. Aka yi zafi, aka yi ta tsawa, kuma kowa ya san tsawa da långfil ba sa ga maciji. Ta dawo ta ɗaga cokali, sai ruwa tsululu.

"Elof, me ka yi masa?"

"Yanzu tsawar ma ni na yi ta, uwargida?"

"Kai dai ko kyanwa ba a bar maka!"

Sai kuma ta zauna ta fashe da kuka. "Ya haye teku a hankici, ya zo ya mutu a hannuna." Ranar ta ba ni tausayi ƙwarai.

Ranar biki an kafa sandar furanni, ana ta rawa a waje, ita tana kicin ta tasa akushi wankakke a gaba. Sai ga Solveig, ƙawarta ta ƙungiyar mawaƙan coci, tana sanɗa. Ta dire wata kwalba. Hildur ta tsoma cokali ta ɗaga, abu ya biyo.

"Ke! A ina kika samo?"

"Ranar baftismar ɗanki. Kin juya kina zuba kofi, na tsoma hankici. Ai dabarar kakarki ce."

Kafin Hildur ta rufe baki matar fasto ta shigo da tata kwalbar, sai wanzamin gari, sai ƙanwar Elof. Tebur ya cika.

"Ɓarayi! Ashe gari guda ɓarayi ne!" Tana dariya, hawaye na zuba.

"Da ba mu sata ba, yau me za ki sha, uwar rowa?" in ji Solveig.

Hildur ta ɗebi cokali ɗaiɗai daga kowace kwalba, ta haɗa a akushi, ta zuba madara.

Yanzu akwai kwando a bakin ƙofar gidan tarihi, cike da ƙananan hankitai da ta tsoma ta shanya. Duk baƙon da zai fita sai ta cusa masa ɗaya a aljihu, ko yana so ko ba ya so. Elof kaɗai ta hana.