Mai Shiga Gaban Amalanke

Ina tsakiyar cin tuwo wayata ta yi ƙara. Taubashina ne, ɗan goggona, ya turo bidiyo daga ƙasar sanyin da yake aiki. Ga shi zaune cikin wata ƙatuwar mota mai faffaɗan ƙarfe a gaba, tana ture dusar ƙanƙara gefen titi, ta baya kuma tana watsa gishiri. Gishiri fa, irin wanda muke sa wa miya! Yana ta bayani da muryar nan tasa ta iyayi. Wai tun kafin dusar ta sauko masu duba yanayi ke sanar da su, su fita su barbaɗe titi don kada ƙanƙara ta kama ta yi santsi. Hanyar asibiti ake fara buɗewa, sai ta makarantu, unguwanni su biyo baya. Wanda ya bar motarsa a bakin titi ranar, janye ta ake yi. A ƙarshe ya ce, "Taubashi, ka ga har yanzu ni ne a gaba," ya sheƙe da dariya. Tuwon nan ban ƙarasa shi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙyashin mutumin nan nake ji, kuma ba yau na fara ba.

Ƙauyenmu yana can gefen Farin Dutse, kuma tsakaninmu da babbar hanya akwai wani kwari. Da rani ko akuya ba ta kula shi. Da damina kuwa shi ke yanke hukuncin wanda zai ci kasuwar Gwaram da wanda zai kai mara lafiya asibitin Birnin Kudu. Kakanmu, mahaifin babana, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ke kiran gayyar gyaransa. Shi ma bai yarda a jira ruwa ba. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, za ka ga an kwaso duwatsu an jera, an shimfiɗa karan dawa, an bi da yashi ana dannewa da ƙafa. Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, ƙarar duwatsun nan nake ji.

Amma in aka yi ruwa mai ƙarfi, kwarin kan cika da jan ruwa, ba wanda ya san inda ya haƙe rami. To, a nan ake sa yaro mara nauyi ya shiga gaba da doguwar gora, yana caka ƙasa. In ya ji tauri ya yi kira, "Nan da ƙarfi!" sai shanun amalanke su bi sawunsa. Kowa tsayawa yake yana kallonsa: mata da ƙwaryar nono, 'yan kasuwa, har liman. In ya haye, wannan ta miƙa masa ƙosai, wancan ya shafa kansa ya sa albarka.

Kullum taubashina Baba Tsoho ke miƙa wa gorar. Na girme shi, na fi shi tsawo, iyo kuwa ni na koya masa. Amma ni aikina riƙe takalman mutane a bakin ruwa, har da nasa! Ya haye yana cin ƙosai, ya juyo ya yi mini gwalo. Kai, abin na cina.

Wata damina ƙaya ta soke shi, ƙafar ta kumbura, ya kasa takawa. Ban yi masa sannu da zuciya ɗaya ba. Ranar kasuwa na riga kowa isa kwarin, na naɗe wando har cinya, na tsaya inda dole a gan ni. Baba Tsoho ya iso, ya dube ni sama da ƙasa. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya ɗora mini a kafaɗa, ya ɗauki gorar, ya shiga ruwan da kansa. A gaban jama'a!

Da kuka na isa gida. Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Goggonka 'ya'ya maza sun cika mata ɗaki. Marigayi babanka kuwa kai kaɗai ya bari. Tsohon ya ce in ruwa ya ɗauke ka, fuskar wa zai duba ya ga ɗansa?"

Za ka ce ai sai in ji daɗi. Ina! Wannan ƙaunar ita ta zaunar da ni. Da zancen karatu a Kano ya taso, shi aka tura, ni aka ce in tsaya kusa da gona. Ya koyi tuƙin manyan motoci, daga nan ya yi gaba. Ni ina nan, ana ta adana ni kamar irin shuka.

Yanzu babbar hanya ta sha kwalta, amma kwarinmu yana nan, kwalbatin da ake ta yi mana alkawari bai iso ba. Baba Tsoho ya daɗe da rasuwa, ni ke kiran gayya. A daminar bara za mu kai Inna asibiti, muka tarar ruwa ya cika. Ɗana, shi kaɗai ne namiji a ɗakina, ya fara naɗe wando. Inna ta miƙo hannu daga kan amalanke ta damƙe rigarsa.

"Ba dai wannan ba," in ji ta.

Tunda nake ban taɓa yi mata musu ba. Na ce, "Inna, sake shi."

Ta dube ni, sannan ta buɗe hannun. Ya shiga, ruwa ya kai masa ƙirji, yana ta caka ƙasa da gora. Can ya juyo, bakinsa har kunne, ya yi kira, "Nan da ƙarfi, Baba!"

Na ja shanu na bi shi ina ta addu'a. Kuma Allah ya gafarta mini, shi ma ƙyashinsa na ji.