Inda Hannun Auta Ya Sauka

Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, ya fi shekara talatin yana wayarin ɗin mota a wani lungun gareji da ko taga babu. Mutum ne mai nawa. Fis ɗaya zai canza, sai ya goge tabarau sau uku, ya shinshina wayar, ya tambaye ka lafiyar iyali. Makanikai maƙwabtansa kan tsokane shi, wai kafin ya gama gyaran mota an daina yayinta.

Wata biyu na yi ina masa gaisuwar tsaitsaye, saboda ƙaninmu Auta. Tseren mota ya shiga ransa, har ya sayo tulun naitiros, wata iska da ake fesa wa inji ya yi gudun hauka, ya kai wa Kawu ya haɗa masa makunnai. Na je garejin a fusace, na ce shi babba maimakon ya hana sai ya taya. Bai ɗago daga wayoyinsa ba, ya ce in ya ƙi, wani zai haɗa a yini ɗaya, kuma wannan wanin bai san uwar Auta ba.

Makunni ɗaya Auta yake so. Kawu ya sa uku: na kunnawa mai murfi, na ƙarƙashin totur da ba ya aiki sai an taka har ƙasa, sai na kashe komai da komai. A kan na ukun nan suka ɓata sati. Kawu ya zaunar da shi a kujerar direba, ya ɗaure masa idanu da tsumma, ya ce, "Wuta ta tashi. Kashe." Duk inda hannun Auta ya sauka, sai ya ɗiga alli. Sau ashirin ana haka, allin ya taru a gefen giya, nan ya huda ya dasa makunnin. Ina tsaye ina tsaki, na ce tsofai-tsofai da shi yana wasan yara.

Ranar tseren, tiyon mai ya fashe a kan inji mai zafi. Hayaƙi ya cika motar, tana ta gudu ta nufi katangar ƙarshen fili, ni kuwa ina gefen fili ina kallo. Sai kukan injin ya ɗauke. Ta gangara, ta tsaya taku kaɗan da katangar. Auta ya fito yana tari, ya ce ko sitiyari bai gani ba, hannunsa ne kawai ya san hanya.

Washegari na je na durƙusa har ƙasa na gaishe da Kawu. Yana cikin ɗaure wa wani direba tsumman nan. Ya miƙo min allin ya ce, "Tashi, 'yata. Duba min inda hannunsa zai sauka."