Zoben Kaka da Murar Jos

Kwaɗayi ne zalla ya sa na yarda aka huda mini tsakiyar hanci. Kakata, mahaifiyar babanmu, tana da wani zoben azurfa ƙulle a bakin zanenta, irin wanda ake ratayawa tsakanin ƙofofin hanci ya sauko dab da leɓe. Na uwarta ne. Tun ina ƙarama nake lallaɓa ta ta ba ni, amsarta kuwa ba ta taɓa canjawa ba: ba ta ba marar huji.

A Dutse Uku muke a lokacin, ƙarshen shekarun saba'in, ina 'yar sakandare an ba mu dogon hutu. Kaka Bafulatana ce, a ruga aka haife ta can ƙasar Bauchi, aure ya hawo da ita Jos zamanin da kuza ke ci. Idonta ya riga ya tafi, sai dai ta bambance haske da duhu, amma bakinta babu abin da ya same shi. Wata safiya ta ce ta gaji da ajiyar abin da ba mai sawa. In damina ta wuce babu jikar da ta huda, maƙeri za ta ba ya narkar da shi, kowa ya huta.

Na ce a huda.

Baba dillalin shanu ne a kara. Da labari ya kai masa sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni dai abin da na sani ana huda wa nan wurin takarkari ne." Mama ta ce mata suna huda gefe, ni sai tsakiya, kamar wadda za a ja zuwa kasuwa. Kaka ta ce duk su rufe mata baki. Baba mutum ne da ke tsayar da bijimi da tsawa ɗaya, amma a gaban uwarsa sai ya sunkuyar da kai ya nemi takalminsa.

Ta sa aka gasa babbar allura a garwashi. Ta laluba cikin hancina da yatsu biyu har ta sami wani ɗan wuri mai laushi ƙasa da guringuntsi, ta tambaye ni ko na kulle kaji. Ina buɗe baki in amsa ta soka. Ban yi kuka ba, wannan zan iya rantsewa, idanuna ne suka yi ta zubar da ruwa ba da izinina ba. Ta zura tsinken tsintsiya da ta kankare ta shafe da man shanu, sannan ta kafa mini doka: ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma, a juya tsinke a hankali, a ƙara mai. In kuma ya fita har hujin ya toshe, to shi ke nan, a wurinsu ba a huda hanci sau biyu.

Abin da Kaka ba ta lissafa ba shi ne garin da take ciki. A rugarsu da damina ake huji, domin lokacin ne nono ke yawa, man shanu ya wadata. Amma daminar Jos daban ce. Ruwa ba ya ɗaukewa, sanyi har cikin ƙashi, gida-gida ana tari. Kafin ciwon ya fara kamewa mura ta kama ni.

Wanda bai taɓa yin mura da tsinke gicciye a hanci ba, kada ya ce ya san wahala. Ba dama in fyace, ba dama in shaƙe, sai dai in yi ta dangwalawa da tsumma. Hancin ya kumbura ya yi ja kamar tumatir. Man shanun nan kuma ya tara mini masoya: ƙudaje suna bina har makewayi, kyanwar gidan da ba ta taɓa kula ni ba ta koma kwana a ƙirjina. Wata mata da ke kawo mana acca da dankali daga Kabong ta sauke kayanta ta tsaya tana kallona, ta yi magana da Hausarta da ba ta gama nuna ba.

"Kai, wannan yarinya, wane ne ya sa masa sanda a hanci? Shi ya yi sata ne?"

Baba ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ƙara mata goro.

Ranar da abin ya faru ruwa ya hana kasuwa ci, Baba yana gida, ana shan gwaten acca mai yaji. Na ji atishawa tana tahowa tun daga nesa. Na danne, na toshe baki, na karanta abin da na iya, ba ta fasa ba. Da ta fito, tsinke ya yi tsalle ya bi iska, har yau ba wanda ya san inda ya sauka, ko da yake Mama ta daɗe tana zargin kwanon Baba. Mai atishawa ne ya kamata ya ce Alhamdu lillahi. Baba ne ya riga ni.

Kaka ta sa aka kankare wani tsinken. Ta laluba, ta laluba, amma kumburi ya rufe hanya. Duk inda ta taɓa sai in yi ƙara. Mama ba ta iya ganin jini, ta shige ɗaki. Can sai Kaka ta ajiye tsinken a kan tabarma, ta goge yatsunta a zane.

"Ya ƙi," ta ce. "A bar shi."

Ta juya fuskarta wajen bango. Ban taɓa jin ta yi magana ƙasa-ƙasa haka ba, sai na ji tausayinta ya fi mini ciwon hancin zafi.

Baba ya daɗe yana kallon bayanta. Sannan ya tashi ya wanke hannu da sabulu, ya ce in matso. Ya matse ni tsakanin gwiwoyinsa, ya kama hancina da babban yatsa da manuni ya ɗaga sama, daidai yadda yake wa ɗan maraƙi. Har da ɗan fiton nan da yake yi musu don su natsu, kuma abin haushi, na natsu. Kafin in ankara tsinke ya wuce. Ya ɗauko baƙin zare ya ɗaure bakinsa biyu, irin ɗaurin igiyar hancin bijimi, ya ce yanzu in yi ta atishawa har gobe.

Yana wanke hannu yake magana, ba ya kallon kowa. Ya ce yana ƙarami da zoben nan yake gane uwarsa a cikin mata. Da matan gari suka dame ta da dariya, mahaifinsa ya sa ta cire, shi kuwa ranar nan ya ƙi zuwa wurinta, yana kuka wai a kawo masa innarsa. Kaka ba ta juyo ba. Sai a ranar na san cewa nata hujin ya toshe tun ba a haife ni ba.

Na ci gaba da ruwan gishiri da man shanu, yanzu kuma da mai duba ni. Kullum kafin ya fita kara sai Baba ya ɗaga haɓata ya leƙa, ya ce, "Takarkarina yana samun sauƙi." Mura ta tafi, kumburi ya saɓe, ƙudaje suka nemi wani.

Da ruwa ya ɗauke, Kaka ta kwance bakin zanenta. Ita da kanta ta yanke zaren, ta zare tsinken, ta sa mini zoben. Yana da sanyi, ya kuma fi yadda na zata nauyi. Ta bi fuskata da yatsu tun daga goshi har haɓa, ta dawo kan zoben ta tsaya. Baba yana bakin ƙofa da sandarsa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

"Kai, na san kana nan," in ji Kaka. "Ni ba na gani. Ya yi mata kyau?"

Baba ya gyara murya, ya sake gyarawa.

"Kamar ke, Inna," ya ce.