Injin da Aka Zarga da Cin Gashi

Mai askin layinmu, wanda kowa ke kira Kwalkwal, a shago ɗaya ya tsufa: kujera mai kuka in ta juya, madubi mai tsaga a gefe, da injin aski da ya girmi autarsa. Hannunsa da sanyi, bakinsa kuwa kamar rediyon da maɓallin kashewarsa ya lalace.

Telan da ke jikin shagonsa ne ya ja masa. Wata rana ya leƙo, ya ƙare wa masu jira kallo, ya ce, "Maƙwabci, ka lura kuwa? Duk wanda ya daɗe yana zama a kujerar nan, sanƙo ya kama shi. Injinka cin gashi yake."

Aka yi dariya, amma magana ta zaga. Samari masu ji da sumarsu suka koma wurin mai askin tsallaken titi. Kwalkwal ya zauna yana tuno tsofaffin kwastomominsa, sai ya ga kowanne kansa na ƙyalli. Ya isa gida ya ce shi fa rufe shago zai yi, ba zai ci gaba da ɗaukar alhakin mutane ba.

'Yarsa da ke jami'a ta ce, "Baba, wannan ai korileshan ne."

"Kori me? Ai kuwa ya kore min mutane!"

"Ba kora ba, Baba. Abu biyu ne ke tafiya tare, in wannan ya ƙaru wancan ma ya ƙaru. Amma ba lallai ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Masu daɗewa a kujerarka tsufa suke yi, tsufan ne ke kwashe gashin."

Bai gamsu ba, sai da matarsa ta miƙa hannu ta zare masa hula. "Malam, naka kan fa? Wa ke yi maka aski?"

Ya shafa tsakiyar kansa, sumul. Shi tun yana saurayi wurin na tsallaken titi yake zuwa.

Washegari ya fito da kujera ƙofar shago, ya zauna ba hula, rana na wasa a kansa. Duk saurayin da zai tsallaka sai ya kira shi: "Ɗan samari, dubi aikin wanda za ka wurinsa!" Da an tsaya dariya sai ya kawo bayanin korileshan, har da nuni da almakashi. A hankali benci ya sake cika.

Kalmar dai ta zauna masa a baki. Kwanakin baya yana yi wa tela aski, surutu ya ɗauke masa hankali, ya ɗan yanke shi a kunne.

"Yi haƙuri, maƙwabci, korileshan ne."

Tela ya dafe kunne ya ce, "A'a, wannan kam kai ne."